Sallama Uku a Ƙofar Dodo

A garin Kwanar Marke, bayan tashar mota, akwai wani gida mai ɗaki uku da bishiyar zogale a tsakiya. Mutum uku ne a cikinsa: Inna Hansai mai saƙar faifai, da babban ɗanta Hamisu direban motar albasa, da ƙaninsa Bawale. Bawale ya haura shekara talatin. Ƙarfi gare shi, kurar ruwa yake turawa daga famfo zuwa gidajen unguwa, sawu goma sha biyu a wuni, kuma ba a taɓa jin ya ce ya gaji ba. Abu ɗaya ne da shi: abin da aka faɗa masa shi yake ji, ba ƙari ba ragi. Ranar da Inna ta ce ya sa ido a kan tukunyar miya, sai da aka yi kwana uku ana ɗiga masa magani. A aji uku aka sallame shi daga firamare, aka ce ba ya ganewa. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma gara a gyara ta tun daga nan. Bawale yana ganewa. Mutane ne ba sa faɗin abin da suke nufi.

A bakin tashar wani mai suna Nafi'u ya buɗe shagon gem, wato wasan na'ura da ake yi a talabijin. Hamisu ne ya ɗauko masa na'urar daga birni a motarsa, don haka Nafi'u ya ce 'yan gidan Inna Hansai su shigo duk lokacin da babu jama'a. Ban da wasan ƙwallo, akwai wani gem mai tsawo a cikin na'urar. Wani jarumi ne mai takobi ya bar ƙauyensu don ya ƙwato musu idon ruwa daga hannun wani dodo, sa'annan ya koma gida. Tsakanin ƙauyen da dodon akwai daji da duwatsu da namun da ba su da suna. Nafi'u ya rataye allo a bango, ya ce duk wanda ya fara kai jarumin gida za a rubuta sunansa. Allon ya shekara babu ko ɗigon alli. Hamisu ya kai nasa jarumin rabin hanya, na'urar tana ajiye masa inda ya tsaya da sunansa. Ranar da zai yi lodin kudu, ya dafa kafaɗar ƙaninsa a ƙofar shagon.

"Bawale, ga mutumina nan na bar maka. Ka kai min shi gida. Kafin ka kai shi na dawo."

"To, Yaya."

Kwana goma sha ɗaya bayan haka labari ya zo cewa motar ta kife a kudu, kuma can aka binne Hamisu. Inna ta roƙi mutane su bi Bawale a hankali. Liman ya ce masa Hamisu ya riga mu gidan gaskiya. Bawale ya ce ai kullum shi ke riga mu, tunda da mota yake tafiya. Wani ya ce Hamisu ya amsa kira. Bawale ya ce Yaya ba ya ƙin ɗaga waya. Da tabarmi suka cika a ƙofar gida, ya ɗauka jiran Hamisu ake yi, ya yi ta kawo wa baƙi ruwa. Kalma ɗaya ce ake buƙata, haruffa huɗu, amma a cikin manyan garin nan kaf ba a samu mai faɗinta ba. Inna ta sa kwaɗo a ɗakin Hamisu. Kullum da safe Bawale yakan tsaya a ƙofar ya yi sallama ko an dawo, sa'annan ya fita da kurarsa.

Wata rana bayan azahar ya shiga shagon Nafi'u ya ce ya zo kai mutumin Yaya gida. A shagon, abin da ake riƙewa mai madannai shi ake kira hannu. Nafi'u ya kunna na'ura ya ce, "Ɗauki hannu." Bawale ya kama hannun Nafi'u ya riƙe gam, ya zuba wa talabijin ido. Akwai wani ɗan acaɓa mai suna Mudassir, wanda duk shagon aka yarda ya fi kowa iya gem, ya kusa faɗowa daga benci don dariya. Da aka ɗora wa Bawale hannun gaskiya a cinya, Mudassir ya ce, "To, buga mana." Bawale ya ajiye abin, ya naɗe hannun riga, ya dunƙule hannu ya nufi talabijin. Sai da mutum biyu suka rungume shi. Ranar dai Nafi'u ya zauna ya nuna masa madannan ɗaya bayan ɗaya: wannan tafiya, wannan tsalle, wannan sara. Sau ɗaya aka nuna masa, kuma bai taɓa rikita su ba. Masu ba da labarin suna tsallake wannan wurin.

Wata rana wani kare mai kai biyu ya tare jarumin a daji. Bawale ya tsaya yana kallonsa, don ba a ce ya yi komai ba. Mudassir ya daka masa tsawa, "Kashe mana, Bawale, kashe." Bawale ya tashi da sauri ya zaga bayan shago ya kashe janareto. A wani talabijin na gefe samari suna tsakiyar wasan ƙarshe na gasar gem ɗin ƙwallo ta unguwa, saura minti biyu. Ya dawo yana kakkaɓe hannu ya tarar da mutum takwas suna kallonsa.

"Na kashe," in ji shi. "Akwai wani abin?"

Sati guda Nafi'u ya hana shi shigowa. Kullum yakan zo ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafarsa ba ta taɓa dokin ƙofar ba, har satin ya cika.

Wata rana jarumin ya yi tsalle bai kai ba, ya faɗa rami. Talabijin ya yi ja. Mudassir ya ce, "Shi ke nan, ka kashe shi. Ya mutu." Bawale ya saki hannun ya dafe kai yana salati. Hawaye ya zubo masa. Ya tambayi Nafi'u yadda zai gaya wa Yaya, da kuma ko akwai yadda za a ciro gawar a yi mata sutura. Bai rufe baki ba sai ga jarumin tsaye a gindin wata bishiya inda ya huta a baya, takobinsa a hannu, ko ƙwarzane babu.

"Ya dawo," in ji Bawale a hankali. "A nan ana mutuwa a dawo?"

"Sau dubu ma," in ji Mudassir. "Kai dai ci gaba, malamin rami."

Daga ranar gem ɗin ya shiga ran Bawale, kuma ba don sauƙi ba, domin babu sauƙi a cikinsa. Akwai wata ƙatuwar kunama a mashigar dutse da ta kashe jarumin sau arba'in da uku. Ba hamsin ba kamar yadda ake faɗa. Bawale da kansa yake jan layi da gawayi a bangon ɗakinsa, kuma layukan suna nan. Samari sukan yi jifa da hannun in abu ya kashe su sau biyar, su ce mai ƙera gem ɗin mugu ne. Bawale kuwa kowace mutuwa sai ya ce, "To," ya gyara zama. A hankali ya lura kunamar tana ɗaga wutsiya sau biyu kafin ta harba, ya koyi kaucewa a na biyun. Duk rayuwarsa bai taɓa shiga wurin da in ya kasa za a mai da shi inda ya tsaya a ce ya sake ba. A makaranta sau ɗaya ya kasa aka nuna masa ƙofa. Ga akwatin roba ya yi masa haƙurin da malamai masu takardar shaida ba su yi ba.

Wata rana Nafi'u zai tafi masallaci ya ce masa, "In ka gama kar ka tashi sai ka ajiye." Yana nufin ya danna madannin da ke sa na'ura ta riƙe inda aka tsaya. Da ya dawo babu na'ura babu Bawale. Har an fara maganar 'yan sintiri kafin a same ta a ƙarƙashin gadon Inna, an naɗe ta da zanen Sallah, an ɗora faifai a kai.

Wata rana jarumin ya isa wani tudu inda komai ya fi ƙarfinsa. Sara ɗaya ake masa ya faɗi. Mudassir ya leƙo ya ce, "Mutuminka ba shi da ƙarfi. Sai ka yi noma." Washegari aka ga Bawale da fartanya a kafaɗa yana tambayar wace gona. Mudassir ya san sarai abin da ya faru. Maimakon ya gyara, sai ya nuna masa gonar babansa. Kwana huɗu Bawale yana noma a ciki daga la'asar zuwa faɗuwar rana, bayan ya gama aikin ruwa. Ran na biyar ya shigo shago tafin hannunsa duk ya yi bororo, ya dubi talabijin.

"Ya yi ƙarfin?"

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Nafi'u ya ji kunya, ya ja shi gefe ya bayyana masa. A bakin 'yan shagon, noma shi ne ka koma wani wuri mai ƙananan namun daji ka yi ta sararsu, su sake fitowa ka sake sara, yau da gobe da jibi, kana tara ƙarfe da fata har jarumi ya ƙara ƙarfi, takobinsa ya ƙara kaifi. Aiki ne mai gundura, samari sun tsane shi. Sukan yi rabin awa su gudu gaba, gaba ta kashe su. Bawale ya yi sati shida a fadama ɗaya yana saran ɓeraye. In aka tambaye shi ko bai gaji ba, sai ya ce, "Turin ruwa ne, sai dai babu rana." Da ya koma tudun nan, abin da a da ke kashe shi da sara ɗaya shi ma sara ɗaya ya yi masa. Gonar baban Mudassir ta yi kyau a shekarar. Ko godiya ba a aiko ba.

A fadamar ne ya gano wani madanni da babu mai taɓawa. In an danna, jarumin yakan kai hannu baki ya yi kira da ƙarfi. Na kiran doki ne, amma dokin Hamisu ya daɗe da ɓata a hanya. Bawale ya ce wannan ai sallama ce. Daga nan duk ƙofar da ya isa a cikin gem, ko ta kango ce, sai ya tsaya ya danna. Samari suka sa masa suna Mai Sallama.

Da damina ta wuce ya isa ƙarshen hanya. Wata doguwar gada ce ta katako da igiya a kan kwazazzabo, tana kuka in an taka ta. A ƙetare akwai ƙofa a buɗe, cikin zauren kuma dodon yana kwance a kan idon ruwan. A nan kowa ya tsaya. Mudassir ya isa wurin da nasa jarumin tun watanni, ya shiga zauren ya fi a ƙirga, kowane shiga dodon ya murƙushe shi, domin a cikin zauren duk raunin da aka yi masa ruwan nan yake warkar da shi. Daga ƙarshe ya ce gem ɗin cuta ne, ya daina. Sauran ma suka koma wasa a wayoyinsu, shagon ya yi sanyi. Ran wata Litinin Nafi'u ya kira Bawale ya ce ya sayar da na'urar, mai ita zai zo ran Alhamis, ranar kasuwa, kuma zai goge duk abin da ke ciki.

"Har mutumin Yaya?"

"Har shi."

"Bai isa gida ba."

"Kwana uku gare ka, Bawale. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Talata da Laraba ya bar kurar ruwa a jingine, abin da bai taɓa yi ba. Yakan ƙetare gadar, ya danna sallama sau ɗaya, ya shiga, a murƙushe shi. Noman sati shida bai yi masa rana ba. Ran Laraba da yamma ya zauna a gindin zogale ya ƙi taɓa tuwo. Inna tana saƙa, ba ta ɗago ba ta tambaye shi abin da ke damunsa.

"Wani gida nake shiga, mai gidan yana ta koro ni."

"Ka yi sallama?"

"Na yi."

"An amsa?"

"A'a."

Ta ajiye faifan. "To wa ya koya maka shiga gidan mutane ba a amsa ba? Sau uku ake yi. In ba a amsa ba ka juya ka kama hanyarka."

"To, Inna."

Wata rana, ita ce Alhamis ɗin, shagon ya cika, don an ji yau ake ɗauke na'ura. Mai saye yana zaune da kwali a gabansa yana duba agogo. Nafi'u ya roƙar wa Bawale shiga ɗaya. Bawale ya ƙetare gada ya tsaya a ƙofar zauren. Ya danna sallama, ya jira. Ya sake dannawa, ya jira. Mudassir ya ce, "Jama'a, yau gaisuwa muka zo." Ya danna ta uku, ya kasa kunne sosai kusa da talabijin. Ba a amsa ba. Sai ya juya jarumin, ya mai da takobi kube, ya kama hanyar gada da tafiyar ƙasaita, ko gudu babu. Shagon ya kaure da surutu, ana cewa ya ɓata shigarsa ta ƙarshe. Mai saye ya fara buɗe kwali.

Sai talabijin ya girgiza. Kira na ukun ya tashi dodon. Ya fito daga zauren, abin da ba wanda ya taɓa gani ya yi, ya biyo jarumin. "Juyo, yana bayanka," in ji Nafi'u. Bawale ya ce Inna ta ce ya kama hanyarsa. Jarumin ya taka ƙasa a wannan ƙetaren daidai lokacin da dodon ya kai tsakiyar gada. Katakon da ke kuka da nauyin mutum ɗaya bai ɗauki dodo ba. Igiya ta tsinke, dodon ya tafi ƙasa, kuma ba a sake ganinsa ba. Ruwa ya ɓalle daga zauren ya gangara kwarin da ya bushe, ya nufi ƙauyen jarumin. Ashe tun farko haka mai ƙera gem ɗin ya tsara, kuma ya sa gadar ta yi ta kuka don mai kunne ya ji.

Abin da ya rage tafiya ce kawai, a bi ruwan zuwa gida, babu abin sara a hanya. A nan Mudassir ya matso ya ce, "Ba ni hannu in gani." Da a ranar farko ce, da tafin hannunsa Bawale zai miƙa masa. Amma ya koyi yaren shagon. Sau ɗaya a rayuwarsa ya ji abin da ake nufi maimakon abin da aka faɗa, ya miƙa abin mai madannai. Mudassir ya sa jarumin gudu, ya shigar da shi ƙauye, wata tsohuwa ta fito ta tarye shi, rubutu ya fara hawa talabijin. Samari suka ɗaga Mudassir sama. Nafi'u ya ce ƙa'ida ita ce wanda hannu ke wurinsa lokacin da rubutu ya fito, ya ɗauki alli ya rubuta sunan Mudassir.

Allon yana nan har yau. Shagon ya koma wurin cajin waya, amma ba a sauke shi ba. In an tayar da maganar sai a ce ai sa'a Bawale ya yi. Mutuwa arba'in da uku a gaban kunama ba sa'a ba ce. Sati shida a fadama ba sa'a ba ne, kuma ba sa'a ce ta kai shi bakin gadar ba. Wanda ya yi tafiyar minti uku bai kamata a fifita shi a kan wanda ya yi ta wata bakwai ba. Gyaran ba shi da wuya, tsumma ne da alli. A goge abin da ke kai, a rubuta Hamisu ya fara, Bawale ya gama, da cikakken sunansa, ba Mai Sallama ba. Nafi'u yana da rai, Mudassir ma haka, kuma dukansu sun iya rubutu.

Sai dai ba allon ne ya dami Bawale ba. Da ya bar shagon, cikin tasha ya wuce, ya tsaya yana duba kowace motar albasa har rana ta yi sanyi. Ya koma gida ya tarar da kwaɗon yana nan a ƙofar ɗakin Hamisu. Ya durƙusa a gaban Inna.

"Inna, na ɓata. Yaya ya ce in kai mutuminsa gida, kafin nan ya dawo. Mudassir ne ya shigar da shi, ba ni ba. Shi ya sa bai dawo ba. Kuma an tafi da na'urar, ba zan iya sakewa ba."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Wata bakwai tana ganin tausayi take yi masa, sai yanzu ta ga abin da ta bar shi yana ɗauke da shi. Ta kama hannunsa.

"Ba laifinka ba ne. Hamisu ya mutu, Bawale. Tun kafin ka fara."

"Ai ana dawowa. A gindin bishiya."

"A can cikin akwati. A nan sau ɗaya ne."

Ya dubi zogalen, ya dubi ƙofar mai kwaɗo. Bai yi kuka irin wanda ya yi wa jarumin a rami ba.

"Shi ya sa kullum nake sallama ba a amsawa."

"Shi ya sa."

Ya fara ƙirga safiyoyin da yatsunsa, yatsun suka ƙare, ya bari.

"Ya wuce uku, Inna. In juya?"

"Juya, ɗana," in ji ta. "Juya ka zo ka ci abinci."